Kwastan a Gonar Riɗi

A Garin Lauwali, ɗan ƙauyen nan da ke yamma da Kanya Babba, in aka ce "Kwastan" ba wanda ke waiwayawa ya dubi hanyar Babura. Gidan Falalu ake duba.

Asalin sunan ba wani dogon labari ba ne, Falalu ne ya ja shi ya yi tsawo. Wata shekara ya tafi ci-rani wani shingen kan iyaka can arewa, ya kama aikin wanke kofuna wurin mai shayi. In mai ɗaga sandar shingen zai tafi salla, sai ya ce, "Kai, riƙe min igiyar nan." Kwana goma sha tara Falalu ya yi a wurin. Ya dawo gida da wata tsohuwar hular kaki da aka yar, da usur mai tsatsa, da labarin da har yau bai ƙare ba. A bakinsa kwanakin nan sun zama wata goma sha tara, ranar kasuwa kuwa har sukan kai shekaru.

Matarsa Dela ta san adadin kwanakin daidai, don ita ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya tana amarya, tana leƙen hanya ta kafar dangar gida. Amma ba ta taɓa gyara masa lissafi gaban mutane ba. Mutum ne da in ya dawo daga kasuwa zai ɓoye dabino uku cikin hular kakin, ya miƙa mata yana ɗaure fuska, ya ce kayan da ya kama ne a hanya. Saboda haka take bar masa shekarunsa.

A daminar da ta biyo bayan lalacewar gyaɗa, lokacin da samarin ƙauye ke ta kwarara birni wai an buɗe famfon kuɗin mai, waɗanda suka rage suka koma wa riɗi. Dela kuwa tana da abin da babu mai shi a garin: farin riɗin mahaifiyarta Inno, mai manyan ƙwaya da ƙanshi, wanda Inno ta taho da irinsa daga rugarsu ta wajen Gwiwa. Bara Inno ta rasu. Ƙoƙo ɗaya na irin ya rage, Dela ta shuka shi kakaf a 'yar gonar da ta gada, ko ƙwaya ba ta bari a gida ba. Tun ruwan farko ta zagaye gefe uku na gonar da layin yakuwa, yadda kowace mace ke yi a iyakar gona. In riɗin nan ya lalace bana, irin Inno ya ƙare ke nan.

Riɗin na da ganye huɗu-huɗu sai labari ya zo daga gonakin gabas. Wani ƙwaro ne ya sauka, baƙi, mai ƙyalli, bai kai ƙwayar gero ba. Ka kai masa yatsa ya yi tsalle kamar ƙuma, in ya gama da ganye kuwa sai ka ɗauka rariya ce. Nan da nan aka raɗa masa suna ɗan-tsalle.

Dela na dawowa daga tallar nono ta bi ta gindin tsamiyar ƙofar masallaci, inda maza ke zama bayan la'asar. Tun daga nesa ta ji muryar mijinta ta danne ta kowa.

"Ku dai ba ku san aiki ba ne," in ji Falalu. "Duk abin da zai shiga ƙasa, ta hanya yake shiga. Goro ta hanya, atamfa ta hanya, sefa ta hanya. Shi ƙwaro ɗan gidan wa ne da zai shigo ta wani wuri?"

Kawu Hamma, ƙanen marigayiya Inno, yana jingine da sandar kiwonsa. Ya ce, "To ai fiffike gare shi, Falalu."

"Kawu, jirgin sama ma fiffike gare shi, amma sai an ba shi izini."

"Ka taɓa ba jirgi izini?"

"Na ɗaga wa wani hannu, ya wuce. Da ban ɗaga ba, da yana nan har yau."

Aka kwashe da dariya. Falalu ya ɗauka tafi ake yi masa, ya gyara zaman hula, ya ce su zuba ido su ga gonar Dela, ko ƙwaro ɗaya ba zai taka ta ba.

Da ya shigo gida, Dela ta ajiye masa ruwa ta ce a hankali, "Malam, ka dai san gonar nan irin Inno ne a cikinta."

"Shi ya sa zan ba ta tsaro irin na gwamnati."

"Ni dai da ka bar ta da na Allah."

"Za a haɗa mata duka biyun," in ji shi.

Washegari da sassafe Dela ta ji wani rugum a bayan ɗaki, awaki suka fasa kuka. Ta fito ta tarar rumfar awaki ta zauna a ƙasa, Falalu ya zare azarar da ke riƙe da ita. Ya shafa mata farar ƙasa da shuni layi-layi, ya saɓa a kafaɗa, ya ce awaki su yi haƙuri, hukuma ta ara.

Da hantsi ta kai masa fura gona. Ya kafa gwafa biyu a kan 'yar hanyar ƙafa da ke bi ta gabashin gonar, ya ɗora azarar, ya ɗaura mata dutse a gindi da igiya a kai. Yana tsaye ƙiƙam, usur a baki, ya tare wani bafatake da jakinsa.

"Daga ina?"

"Daga Babura."

"Ina za a?"

"Inda jakin nan ya nufa."

"Akwai ƙwaro a jikinka?"

Bafataken ya sosa ƙeya. "Akwai, amma nawa ne, tun daga gida muka taho tare."

Falalu ya sa shi ya tuɓe riga ya kakkaɓe, ya leƙa kunnuwan jaki, ya ɗaga masa wutsiya. Jakin ya ba shi amsa da ƙafar baya, Allah ya sa a iska ta ƙare. Kafin azahar mata masu itace sun daina bin hanyar, sun buɗe wata sabuwa ta gefen shingen, taku biyu daga inda yake tsaye.

Sai ga Kawu Hamma da shanunsa, sun kai talatin.

"Kawu, a tsaya! Ɗaya bayan ɗaya, zan duba su."

"Faɗa musu da kanka," in ji Kawu. "Ni shekara arba'in ina faɗa musu."

Falalu ya cika kunci ya busa usur a kunnen bijimin da ke gaba. Bijimin ya sunkuyar da kai, ya ɗauke azarar da ƙahonsa kamar tsinke, ya yanki daji. Falalu kuwa igiya na naɗe a hannunsa, kuma a cewarsa ma'aikaci ba ya sakin igiya. Dela ta ga mijinta ya wuce ta gabanta a kan ciki, yana share ƙasa, sauran shanun na biye da shi ta kusurwar gonarta. Da ƙura ta lafa, ta durƙusa ta tattara 'yan shukar da kofato ya murƙushe. Sun cika tafin hannunta biyu.

Ya dawo yana ɗingishi, azara a kafaɗa, gaban riga ya tafi. Ya mai da ita kan gwafa, ya zauna yana haki. Nan ne wani ɗan-tsalle ya sauka a kan azarar, daidai saitin hancinsa. Suka dubi juna. Ƙwaron ya yi tsit, sai tsalle, ya faɗa cikin yakuwar Dela.

"Kin gani? Kin gani da idonki? Ya tsallake! Ko sallama!"

"Na gani, Malam. Mu je gida in gasa maka gwiwa."

Ina! Ya ce ta ba shi zare. Ranar nan har rana ta yi sanyi yana kwance rub da ciki a bakin gona, yana zungurar ƙwari da kara yana auna tsallensu. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna yi masa sannu da ibada. Da yamma ya shigo gida da zaren a ɗaure a wuya, yana murmushin wanda ya gano ma'adini.

"Kamu ɗaya da taƙi, Dela. Iyakar ƙarfinsa ke nan. Babbansu ma na auna."

"To sai yaya?"

"Rami za a zagaye gonar da shi, kamu biyu. Ya yi tsalle, ya faɗa ciki. An gama."

"Fiffiken fa da Kawu ya ce?"

"Na ado ne."

Ya kira gayya. Ba a taɓa gayyar da ta cika kamar wannan ba a Garin Lauwali, don kowa na so ya gani da idonsa. Dela ta kwana biyu tana daka, ta tuƙa tuwo tukunya uku, ta dama fura. Da rana ta take tsaka ta ɗauko ƙore ta nufi gona, tana isa ta tsaya cak. Ta gefe uku an tumɓuke yakuwarta kaf, yakuwar da ta kai gwiwa, an tara ta tsibi-tsibi, rami ya bi inda take. A gefe na huɗu kuwa, can ƙarshen gonar ta arewa, aiki ya tsaya, mutane sun yi da'ira.

Layin yakuwar wannan gefen ba na Dela ba ne, na maƙwabciyar gonarsu ne, Gwaggo Tasalla, tsohuwar da duk garin ke shakkar bakinta. Tana tsaye a kan kunya, fartanya a hannu.

"Gwaggo," in ji Falalu, "hukuma na bukatar layin nan."

"Wace hukumar? Ta wankin kofi?"

"Yakuwar nan cike take da masu laifi. Duba yadda suka huda ta."

"To su huda. Ni na shuka, su suke ci, ni da su ne. Kai a wa?"

"Gwaggo, a bi doka."

"Kai, Falalu! Ni na yanke maka cibiya, da na san abin da za ka zama da na bar ta doguwa a riƙa ɗaure ka da ita. Taɓa ganye ɗaya ka gani, in ban cire hular nan na nuna wa jama'a babu komai a ƙarƙashinta ba."

Falalu ya dubi fartanyar, ya dubi jama'a, ya ce an yi wa tsohuwa afuwa saboda shekarunta. Aka matso da ramin ta ciki, ya cinye layi biyu na riɗin Dela. Tasalla kuwa ta rantse daga ranar ba ita ba gidansu, ko gaisuwa.

Dela ta je ta duba tsibin yakuwarta. Ganyen sai motsi yake yi, 'yan-tsalle sun yi baƙi a kai.

"Malam, ƙone su za ka yi, ko?"

"Bar wa ma'aikata aikinsu. An kama su, suna hannun hukuma."

Ta ɗauka wata hanyar cewa "e" ce irin tasa. Ta tattara ƙorenta ta koma gida.

Kwana huɗu suka biyo baya, kullum sai an yi ruwa, ramin ya cika fal, kwaɗi suka tare a ciki da iyalansu. Hanya ɗaya ce ta shiga gonar, wani katako da Falalu ya ciro daga gadonsu ya ɗora a kan ramin. Da safe ya zauna a bakinsa yana fuskantar waje, da yamma ya saɓo shi a kafaɗa ya dawo da shi gida su kwanta. A tsakiyar gonar, gindin gawo, ya kafa wata 'yar bukka ta zana, ya ce ofis ne.

Ramin ya yi kamu. Ya kama ɗan maraƙin Kawu, ya kama wani mai keke da kwandon ƙwai, ya kama ladan yana sauri zai je kiran azahar, ranar nan aka yi kiran salla da tari. Ƙwaro dai ba a ga ko ɗaya a ciki ba. Falalu ya ce alamar sun ji tsoro ce.

Dela takan zo ta tsaya a bakin rami ta leƙa. Layukan bakin-bakin nan kore shar. Amma can wajen ofis sai ta ga kamar ƙasa ta fi ganye yawa.

"Malam, sa min katakon in shiga in duba."

"Ba a shiga sai babba ya zo ya buɗe. Ni kaina ban koma ba."

"Tsakiyar nan fa ta yi min haske."

"Gawo ne. Kin san da damina yake zubar da ganye. Rana ce ta yi yawa a wurin."

Ranar ta kasa cin tuwo.

Shi kuwa ya tafi Babura da ƙafa, ya je ya samu malamin gona, wani saurayi mai suna Malam Sama'ilu, ya ce masa akwai gonar da ƙwaro bai shiga ba a duk ƙasar nan, ya zo ya koyi dabara ya kai wa gwamnati. Ya biya ta ƙofar Mai Gari ya faɗi ya yi gaisuwa ya gayyace shi. Bai tsaya nan ba, har mai kalangu ya kira.

Ranar Alhamis da hantsi gari ya tashi kaf. Malam Sama'ilu ya iso a kan babur ɗin aiki, da ɗan littafi a aljihu. Mai Gari ya zo cikin babbar riga fara da rawani. Falalu ya aro rigar kaki wadda maɓallanta ba sa haɗuwa, ya tsaya a bakin katako ya sara.

"Ranka ya daɗe, daga ina?"

Mai Gari ya dube shi. "Daga gidan da ka durƙusa shekaranjiya."

"An ba da izini. A wuce."

Aka haye ɗaya bayan ɗaya, Dela a ƙarshe cikin mata. Falalu ya shige gaba, ya juyo ya fuskanci jama'a, yana tafiya da baya yana jawabi.

"Jama'a, abin da kuke gani ba tsafi ba ne, ilimi ne. Shekarun da na yi a kan iyaka..."

Ba wanda ke kallonsa, kowa ƙasa yake kallo. Layin farko ganye lafiya lau. Layi na biyar, huda ɗaya, huda biyu. Gaba kaɗan ganye ya zama rariya. Gaba kuma babu ganyen, sai 'yan tsinkaye a tsaye. Dela ta rage sauri. Ta riƙe bakin mayafinta ta cije, tana bin layin da ita da kanta ta shuka, tana tuna yadda Inno ke murza irin nan a tafin hannu ta shinshina kafin ta zuba a ƙoƙo.

"...ko ƙwaro ɗaya!" in ji Falalu, bayansa ya bugi zanar ofis. A kewayen ofishin ƙasa ce fetal, kamar an share za a yi shanya.

Malam Sama'ilu ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya miƙe, ya dubi bukkar.

"Malam Falalu, me ke cikin ɗakin nan?"

"Yawwa, ranka ya daɗe, nan ne wurin! Kayan da aka kama ne. A aikinmu ba a ƙonawa, ba a zubarwa, sai an adana a ofis babba ya zo ya gani da idonsa. Ƙa'ida ke nan."

"Wane kaya?"

"Yakuwa, da masu laifin a kanta. Ko ɗaya bai tsere ba."

"Dakata, kada ka..."

Falalu ya riga ya fizge ƙofar zanar.

Dela ta fara jin wani sauti ne kamar ana watsa gero a faranti. Sai wani baƙin hayaƙi ya taso daga tsibin yakuwar da ta yi yaushi, hayaƙin da ke tsalle. Waɗanda suka fita tun kwana huɗu ta kafofin zana sun ci sun ƙoshi, waɗannan su ne 'yan baya, kuma da yunwa suka fito.

Suka shiga hannun riga, suka shiga wuyan riga, suka shiga inda ba a faɗa. Ba cizo suke yi ba, yawo kawai suke yi, kuma yawon ya fi cizo. Mai Gari ya yi ƙoƙarin riƙe girma, ya ɗaga kafaɗa ɗaya, ya ɗaga ɗayar, ya ɗan karkaɗa ƙugu. Da suka samu hanyar cikin rawani sai ya yi wani juyi da rabon da a gan shi ya yi tun yana saurayi. Mai kalangu ya ga Mai Gari ya taka, ya ɗauka lokaci ya yi, ya saki kiɗa. Kawu Hamma na dukan bayansa da sandar kiwo yana faɗar wasu kalmomi da Fillanci waɗanda Dela ta yi kamar ba ta ji ba. Ladan na atishawa, mata na kakkaɓe zane suna salati, malamin gona na tsalle da ƙafa ɗaya yana zazzage wando.

"A natsu!" Falalu na ihu yana busa usur. "A kama su! Kowa ya kama na jikinsa, shaida ne!"

Sai kowa ya tuna da hanyar fita, kuma hanyar ɗaya ce. Mutum sama da hamsin suka nufi katakon gado guda.

"Ɗaya bayan ɗaya! A bi layi!"

Ya sha gabansu da gudu, ya tsaya a tsakiyar katakon ya buɗe hannuwa. Mai Gari ya hau, Kawu ya hau, mai kalangu ya hau yana kiɗa. Katakon ya ce ƙaras. Ruwa ya tashi sama, kwaɗi suka watse, kalangu ya yi wani kuka na ƙarshe ya yi shiru.

Da aka jawo Mai Gari, farar rigarsa ta koma kalar kunun kanwa, rawani ya warware ya bi ruwa. Sai tofar da ciyawa yake yi. Falalu na tsaye a cikin rami, ruwa iya cinya, hular kaki na yawo a gefensa da kwaɗo zaune a kai.

Malam Sama'ilu ya zauna a bakin ramin yana juye takalmi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gona ta fi arba'in na zagaya a makon nan. Ko'ina daga gefe suke farawa. Iska ta kawo su, su sauka a kan yakuwa ko kuɓewar bakin gona, su tsaya nan suna ci, don ita suka fi so. Sai ta ƙare ko sun yi yawa suke matsawa ciki a hankali. Wannan ce gona ta farko da na ga sun fara daga tsakiya suna fitowa waje. Ni dai in rubuta me? Ta ina suka shiga?"

"A kansa!"

Kowa ya waiga. Gwaggo Tasalla ce a tsaye a gonarta, ta riƙe ƙugu.

"A kansa suka shiga, ɗan nan, rubuta. Sahu tara, ni na ƙirga. Ya yi musu gammo, ya ɗora su, ya haye da su ramin, har yana busa usur a ba su hanya. Ko amarya ba a kai ta ɗaki da gata haka ba."

Kawu Hamma ya matse gemunsa ya ce, "Ashe ba kwastan muke da shi ba, ɗan dako ne."

Dariyar da aka yi har a Kanya Babba an ce an ji. Mai Gari ma sai da kafaɗunsa suka girgiza. Aka watse ana ɗiga, kowa na sosa wani wuri, aka kwashe yakuwar ofis aka cinna mata wuta da zanar gaba ɗaya.

Dela ba ta yi dariya ba, ba ta kuma bi su ba. Layukan bakin gona da suka rage kore, masu gudu sun tattake wasu, ƙwarin da suka fito sun sauka a kan saura. Ta ratsa gonar ita kaɗai, ta wuce tsinkaye, ta wuce rariya, tana tafe tana duba ƙasa har ta kai ƙarshen arewa. Nan ta tsaya. Layi shida ne, kore, ganyensu cikakke, 'yar huda nan da can. A ƙetaren rami yakuwar Tasalla ta sha huda kamar tsohon gwado, amma tana tsaye, ƙwarin wajen duk suna kanta. Na ofis kuwa ba su kai ga isowa nan ba.

Dela ta durƙusa ta shafa ganye ɗaya da bayan yatsa.

"Zai yi iri?" in ji Tasalla daga ƙetare. Ta manta da rantsuwarta.

"In sun bar shi, Gwaggo, zai cika ƙoƙo har ya ɗan yi tozo."

"To ba za su bar shi don Allah ba. Toka za ki samu, ta murhu, mai laushi. Kullum da sassafe, raɓa na kan ganye, a barbaɗa. Kwana goma, har ganyen ya yi kauri ya fi ƙarfin bakinsu. Tawa na nan buhu guda, ki aiko wancan ɗan dakon ya ɗauka, tunda ya iya."

Washegari, gari ya waye ke nan, su biyu suna bakin layi shidan. An cike wani gefen ramin da ƙasa. Falalu ba hula, ba usur, ƙwaryar toka a hannu. Tun jiya bai ce uffan ba, ko tuwo a ɓoye ya ci, a ƙasa kuma suka kwana saboda gado ba katako. Dela ta nuna masa yadda ake yi, a ɗebo kaɗan, a sunkuya, a kaɗa yatsu. Ya sunkuya ya yi layin farko tsaf, a hankali, har yana ɗaga ganye ya barbaɗa a ƙarƙashi. Ta tsaya tana kallon bayansa. Shirun nan nasa ya fara damunta fiye da surutun.

A layi na uku ya ɗan yi gyaran murya. A na huɗu ya miƙe tsaye.

"Dela."

"Na'am, Malam."

"Kin san dai layukan nan da gangan na bar su. A aikinmu akwai abin da ake kira..."

Ya ɗaga hannu zai yi bayani, hannun cike da toka, iskar safiya kuwa daga gabansa take busowa. Duk ta koma masa baki. Ya tsaya yana tari, gemu fari, gira fara, ido na hawaye, yana nema ya ƙarasa maganar tana ƙin fita.

Dela ta yi dariyar da ta riƙe tun ranar bijimi, har ta zauna a kan kunya. Da ta gama ta taso, ta kama bakin mayafinta ta share masa ido, ta share masa gemu, ta mai da masa ƙwaryar a hannu.

"Saura layi biyu, Malam," ta ce. "Ka juya wa iska baya, ka kuma rufe baki. In mun gama sai ka faɗa min sunan abin."